Antimata a Cikin Gem: A Bi Kimiyya Sau da Ƙafa, Ko a Bar Wasa Ya Zama Wasa?

A cikin gem ɗin No Man's Sky, wanda kamfanin Hello Games na Ingila ya fitar a 2016, idan kumbonka yana bukatar man da zai tsallaka da kai daga wannan tauraro zuwa wancan, ba wata wahala: ka haƙo ma'adinai, ka tace, ka danna maɓalli, sai ga antimata a jakarka. A Dyson Sphere Program na kamfanin Youthcat da ke China, wanda ya fito a 2021, antimata tana bin bel ɗin masana'anta a jere, ana loda ta a akwatuna tare da sauran kaya. A The Powder Toy kuwa, inda ɗan wasa ke zuba yashi da ruwa da wuta da ƙarfe a kan allo ya ga yadda za su kaya, akwai wani sinadari mai suna AMTR wanda aikinsa shi ne lamushe mafi yawan abin da ya taɓa.

Duk wanda ya san irin gumin da ake haɗawa a cibiyar CERN, a kan iyakar Suwizalan da Faransa, kafin a riƙe ƙwayar antimata ɗaya tak, zai ga tazarar da ke tsakanin allo da ɗakin gwaji. A kan wannan tazara ake ta kai ruwa rana tsakanin masu haɗa gem da masu bugawa. Wani ɓangare na cewa muddin gem ya kira kansa mai kwaikwayon zahiri, wajibi ne ya bi dokokin halitta sau da ƙafa. Ɗaya ɓangaren na cewa wasa wasa ne, mai son darasi ya tafi aji. Kowanne na da abin riƙo, amma nauyin hujjojinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba za su aunu ba sai an san ita antimatar kanta.

Labarinta a kan takarda ya faro. A 1928 Paul Dirac, masanin fiziks ɗan Ingila, ya fitar da lissafin da ke bayyana halin ilektiron idan gudunsa ya kusa na haske. Lissafin ya zo da amsa biyu, ɗaya ta ilektiron da aka sani, ɗaya ta wani abu da ba wanda ya taɓa gani. A 1931 Dirac ya yi ta maza ya ce lallai akwai wata ƙwaya mai nauyin ilektiron daidai wa daida, amma cajinta akasin nasa ne. Shekara ɗaya bayan nan, Carl Anderson yana Kalifoniya yana ɗaukar hoton ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya. Na'urarsa wani akwati ne mai tururi a ciki, an sa shi a tsakiyar maganaɗisu mai ƙarfi, an gitta farantin dalma mai kaurin milimita 6 a cikinsa. Duk ƙwayar da ta ratsa sai ta bar siririn layi a tururin. A wani hoto ya ga layi ya huda dalmar, ya fito ɗaya gefen ya ƙara lanƙwasa saboda gudu ya ragu. Wannan ya nuna masa inda ƙwayar ta fito da inda ta dosa, kuma ta karkata ne ta ɓangaren da ilektiron ba zai taɓa karkata ba. Ita ce fositiron, kishiyar ilektiron.

A 1955 Emilio Segrè da Owen Chamberlain suka samar da kishiyar furoton a Berkeley. A 1995 CERN ta haɗa ƙwayoyin zarra na farko na antimata, wato kishiyar haidurojin, guda 9 kacal, kuma kafin ƙiftawar ido sun ɓace. Sai a 2010 ƙungiyar ALPHA da ke CERN ta iya tsare guda 38 na kusan kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. A 2011 ta kai daƙiƙa 1,000, sama da minti 16 ke nan.

Abin da ke sa riƙon ya yi wuya shi ne, duk inda ƙwaya ta gamu da kishiyarta su biyun sukan halaka, nauyinsu ɗungurungum ya rikiɗe ya koma makamashi, bisa sanannen lissafin nan na Einstein. Fashewar yuraniyom a bam ɗin nukiliya kimanin kashi 1 cikin 1,000 na nauyi take mayarwa makamashi. A nan kuwa ɗari bisa ɗari ne. Giram 1 na antimata idan ya gamu da giram 1 na abu na yau da kullum, ƙarfin da zai fito ya kai na tan dubu 43 na nakiyar TNT, kusan ninki 3 na bam ɗin Hiroshima, ko zafin lita miliyan 5 na fetur.

To a me za a zuba abin da ke cinye duk mazubin da ya taɓa? Dabarar CERN ita ce kada ya taɓa komai. Ana harba furoton masu tsananin gudu a kan ƙarfe, a tsinci kishiyoyin furoton ƙalilan a cikin tarkacen da ya tarwatse, a rage musu gudu a wani zobe da ya fara aiki a 2000, sannan a kora su cikin tarko. Tarkon bututu ne da aka zuƙe wa iska ƙarƙaf, aka sanyaya shi zuwa kusan digiri 270 ƙasa da sifiri. Maganaɗisu ya hana su zuwa gefe, wutar lantarki ta tare bakin nan biyu, su kuma suna rataye a tsakiya. Duk antimatar da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa da nanogiram ake auna ta, wato kashi 1 cikin biliyan na giram. CERN da bakinta ta ce da za a halaka duk wadda ta taɓa samarwa, kwan fitila ɗaya za ta kunna na 'yan mintoci.

Masu cewa a bi kimiyya, babbar hujjarsu ita ce gem malami ne ko ya so ko ya ƙi. Abin da mutum ya yi da hannunsa sau ɗari ya fi zama masa a ka fiye da abin da ya karanta sau ɗaya. Suna kafa misali da Kerbal Space Program, na kamfanin Squad da ke Meziko, wanda ya fara fita a 2011, inda ake haɗa roka a harba ta. Ɗan wasan da ke son riskar kumbon da ke gabansa a kan falaki ɗaya, zuciyarsa za ta ce masa ya ba injin wuta ya bi shi. Yana yin haka sai ya ga kumbon na ƙara yi masa nisa, domin ƙarin gudun ya ɗaga shi zuwa falaki mai faɗi. Sai ya sha kaye sau da dama kafin ya gane cewa birki zai taka, ya sauko ƙasa-ƙasa inda zagaye ya fi gajarta, ya cim masa. Ɗimbin mutane sun koyi wannan ba tare da sun zauna a aji ba, har hukumar NASA ta haɗa hannu da masu gem ɗin a 2014. Idan gem na iya dasa gaskiya ta kafu haka, in ji su, haka zai dasa ƙarya ta kafu.

Ƙaryar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya, ni ma ita ta fi damu na, ita ce nuna antimata a matsayin tushen makamashi. Babu ma'adinin antimata da za a haƙa a bayan ƙasa. Mai son ta da yawa sai ya ƙera, kuma da na'urorin yau wutar da ake kashewa ta ninka wadda za a samu kusan sau biliyan 1. Ko an inganta na'urorin sun kai maƙura, dokar adana makamashi ba za ta bari a ci riba ba. Antimata rumbu ce, ba gona ba: abin da ka zuba shi za ka ɗiba, kuma wannan rumbun a yanzu yoyonsa ya fi ajiyarsa nesa ba kusa ba. Gem ɗin da ya nuna wa yaro ana haɗa ta da araha a kunna birni, ya koya masa cewa ana samun wuta daga babu. Da irin wannan tunanin ne 'yan damfara ke tallar injin da wai yake ba da wuta har abada ba tare da an zuba masa komai ba, kuma mutane na zuba kuɗinsu.

Akwai kuma gem masu nuna antimata tana tashi sama, wai tunda kishiya ce ƙasa ture ta take yi. A Satumban 2023 ƙungiyar ALPHA ta sanar da sakamakon gwajin da ta yi da wani tarko mai tsaye: aka sassauta wa kishiyar haidurojin, aka ga mafi yawanta ta ƙasa take fita. Faɗuwa take yi kamar kowa. Launinta ma ba wani shuɗi ne mai ƙyalli ba. A 2016 ƙungiyar ta auna hasken da take sha, ta tarar iri ɗaya ne da na haidurojin. Sai kuma mayar da ita magogi, ta taɓa abu ya ɓace shiru ba amo. A zahiri makamashin dole ya nufi wani wuri. Idan ilektiron ya gamu da fositiron, hasken gamma biyu ne kan fita masu ƙarfi ɗaya, ɗaya gabas ɗaya yamma. Da wannan ka'ida asibitoci ke aiki a na'urar PET. Akan yi wa majinyaci allurar sukari mai ɗauke da fulorin-18, ƙwayoyin ciwon daji su zuƙe sukarin fiye da sauran jiki, fositiron da ke fita ya halaka nan take, zoben da ke kewaye da majinyacin ya cafke hasken nan biyu a lokaci ɗaya, kwamfuta ta ja layi a tsakaninsu. Daga tarin layukan ne hoton ƙari ke bayyana. Gem ɗin da ya share wannan hasken ya share ainihin abin da ya sa antimata ke amfanar mutane a yau.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ta fi ja na, domin ba ta wa'azi ba ce, ta sana'ar haɗa gem ce. Suna cewa gaskiyar ta fi daɗin bugawa. Ɗauki injin kumbo. Hasken gamma ba ya juyuwa da madubi, saboda haka fositiron ba zai tura kumbo cikin sauƙi ba. Furoton da kishiyarsa kuwa idan sun halaka, wasu ƙwayoyi ne kan fito da ake kira fiyon. Marasa caji a cikinsu nan take suke komawa gamma, su gasa duk abin da ke kusa. Masu caji sukan yi tafiyar kimanin mita 20 kafin su rushe, kuma a cikin wannan ɗan taƙi ne kaɗai maganaɗisu zai iya karkata su baya don kumbo ya yi gaba. Robert Forward ya yi nazarin wannan tun cikin shekarun 1980. Bayan nan wani babban kaso na ƙarfin ya bi nutirino ya tafi, ba mai iya tare shi. Ka ga ɗan wasa ya sami abin tunani: kaurin garkuwa nawa, nisan matuƙa da injin nawa, ina za a kai zafin, me zai faru idan wutar tarko ta ɗauke na daƙiƙa ɗaya. Mai haɗa gem da ya maye gurbin duk wannan da kwalba mai ƙyalli ya yar da kayan wasa mafi kyau da ke hannunsa.

Ɗaya ɓangaren ba su zo hannu rabbana ba. Da lissafi suke farawa. A giram 1 na haidurojin akwai ƙwayoyin zarra 6 da sifiri 23 a gabanta. Gem kuwa dole ya sake zana allo sau 60 a daƙiƙa, wato yana da kimanin kashi 16 cikin 1,000 na daƙiƙa ya gama duk lissafinsa, sau da yawa a kan kwamfutar ɗalibi ko wayar hannu. Manhajar da masana ke kwaikwayon ƙwayoyi da ita, Geant4, wadda aka fara fitarwa a 1998, bin ƙwaya take yi ɗaya bayan ɗaya tana ƙuri'a a kan abin da zai same ta a kowane taku, kuma manyan gwaje-gwaje kan ɗora ta ne a kan dubban kwamfutoci. Neman wannan daga gem neman abin da ba zai yiwu ba ne.

Ko da ya yiwu, wa zai buga? Idan ɗigo ɗaya a allon The Powder Toy ya zama miligiram 1, tan 43 na nakiya ke nan. Danna ta farko ita ce ta ƙarshe, duk ginin da ɗan wasa ya yini yana yi ya tashi. Idan kuma za a bi saurin ƙerawa na zahiri, a ce nanogiram 1 a shekara, giram ɗaya sai an jira shekara biliyan 1.

Sannan suna ƙwace makamin abokan jayayyarsu. Shi Kerbal ɗin da ake yabo, ai shi ma ya yi aringizo. Duniyarsa, Kerbin, daga tsakiya zuwa doronta kilomita 600 ne, alhali tamu 6,371 ce, amma ƙarfin janta daidai yake da na tamu, abin da ke nufin ta fi kowane ƙarfe da aka sani danƙarewa. Kuma a kowane lokaci duniya ɗaya ce ke jan kumbo, ba a haɗa jan rana da na wata a tare, shi ya sa babu wuraren daidaito irin wanda na'urar hangen nesa ta James Webb take zaune a kai, kilomita miliyan 1.5 daga nan. Sai da wasu 'yan sa kai suka rubuta ƙarin manhaja mai suna Principia don masu son cikakken lissafi. Idan an yafe wa Kerbal, me ya sa ba za a yafe wa sauran ba?

Akwai wata hujja tasu da ba a cika ambata ba, alhali tana da ƙarfi. Babu ɗan Adam da ya taɓa ganin dunƙulen antimata ya gamu da dunƙulen abu. Hannes Alfvén na Suwidin ya yi hasashen cewa zafin haɗuwar farko zai iya haifar da wani shinge da zai ture ɓangarorin biyu, ya jinkirta halakar. Ke nan wanda ya ce ga yadda fashewar giram ɗaya za ta kasance a allo, shi ma ƙiyasi yake yi. Suna kuma tunatar da cewa almara ta sha jawo mutane ƙofar ilimi. Shirin Star Trek tun 1966 yake tuƙa kumbo da antimata. Da fim ɗin Angels & Demons ya fito a 2009 da labarin satar antimata daga CERN don tarwatsa Batikan, cibiyar ba ta yi fushi ba; shafi ta buɗe tana amsa tambayoyi, masana suka bazu suna lacca, mutanen da ba su taɓa jin sunan Dirac ba suka ji.

Da na ɗora hujjojin a sikeli, misalin Kerbal ne ya raba mini gardama, kuma ba ta inda ɓangare na biyu suka so ba. Abin da Kerbal ya taɓa shi ne girma da adadi, da kuma yawan abin da ake lissafawa a lokaci ɗaya. Dokar da ke ƙasa bai taɓa ta ba: ba ka samun gudu sai ka ƙona mai, man kuma yana da nauyi, nauyin kuma sai ka ɗauke shi. Shi ya sa abin da aka koya a ƙaramar Kerbin yake aiki a babbar duniya. Haka ya kamata a yi wa antimata. A rage ƙarfin fashewa sau miliyan don allo ya tsira, a gaggauta ƙerawa don kada ɗan wasa ya tsufa yana jira, duk na yarda. Amma hujjar ƙarancin ƙarfin kwamfuta ba ta kare wanda ya karya doka. Bin kowace ƙwaya ne ke da tsada. A cire ɗaya a nan a cire ɗaya a can, a zuba zafi daidai da nauyin da ya ɓace, a sa kuɗin ƙerawa ya fi abin da za a samu, a bar ta ta faɗi ƙasa: wannan lissafin tarawa da ɗebewa ne da ƙaramar waya za ta yi ba tare da ta yi zafi ba. Hasashen Alfvén ma a kan saurin halakar yake, bai taɓa jimillar makamashin da zai fito ba.

A nan dole a yi wa Dyson Sphere Program adalci. Bel ɗin nan da ke ɗauke da antimata a sarari kuskure ne, amma tushen tsarinsa daidai yake. Daga hasken tauraro da aka tara ake ƙera antimatar, ba daga rami ba, kuma idan za a haɗa sandar mai, ana zuba antimata da haidurojin adadi ɗaya a cikin wani mazubi na musamman. Ɗan wasa ya fita da fahimtar cewa tauraro ne mai bayarwa, ita ajiya ce. Haka ƙarin manhajar Interstellar ta Kerbal, inda ake kalato antimata a kewayen duniyoyi masu maganaɗisu. Yawan da ake samu an zuzuta shi ƙwarai, amma yana da asali: a 2011 na'urar PAMELA da ke kan tauraron ɗan Adam ta gano kishiyoyin furoton maƙale a cikin maganaɗisun duniyarmu.

No Man's Sky kuwa ban ga dalilin tuhumarsa ba. Bai taɓa cewa shi ɗakin gwaji ne ba, labarin yawon buɗe ido ne a sararin samaniya, kuma a wannan fage ɓangare na biyu ne ke da gaskiya. Nauyin yana kan gem ɗin da ya tallata kansa da sunan fiziks, wanda malamai ke nuna wa ɗalibai, iyaye ke bar wa yara da tunanin karatu suke yi. Irin wannan, duk inda ya kauce wa zahiri don wasa ya yi daɗi, ya rubuta a fili a cikin gem ɗin: nan mun rage, nan mun ƙara. Mai son hasashe kuma ga fili nan fetal. Lissafi ya nuna a farkon halitta ƙwayoyi da kishiyoyinsu sun kusa zuwa kunnen doki, rarar kimanin ɗaya cikin biliyan ce ta saura aka sami taurari da mu. James Cronin da Val Fitch sun ga ɗan bambanci tsakanin halin ƙwayoyi da na kishiyoyinsu a 1964, Andrei Sakharov ya zayyana sharuɗɗa 3 na samuwar wannan rarar a 1967, amma bambancin da aka auna ya yi kaɗan ya bayyana rarar. A nan mai gem zai iya ƙirƙirar amsarsa ba tare da ya taka abin da aka tabbatar ba.

Ƙungiyar BASE a CERN ta taɓa riƙe kishiyoyin furoton kwana 405 a tarko ɗaya. A Oktoban 2024 suka ɗora wani tarko na tafi-da-gidanka a kan babbar mota, suka zagaya harabar cibiyar da furoton na yau da kullum a ciki don gwaji, da nufin wata rana su kai antimata wasu ɗakunan bincike, ciki har da na jami'ar Düsseldorf a Jamus. Ina kira ga masu haɗa gem, manyan kamfanoni da matasan da ke koyon rubuta manhaja a ɗakunansu: ku ba ɗan wasa wannan motar, da batir mai ƙarewa, da sanyi mai raguwa, da hanya mai gargada, ku ce masa ya kai kayan lafiya.